Yaron wa ne?

Kalmar “yaro” fuska biyu gare ta a Hausa. Akwai yaron shekaru, wanda in Allah ya ja kwanansa zai girma. Akwai kuma yaron gida, yaron mota, yaron shago, wanda ko furfura ta cika masa kai yaro ne muddin ubangidansa na numfashi. Duk sa'ad da sabon suna ya fito a siyasar gari, ba ka jin ana tambayar mi ya iya, ko mi ya taɓa yi wa unguwa. A fada, a tasha, a bakin kasuwa, tambaya guda ce: “Yaron wa ne?” In anka ce yaron wane ne, magana ta ƙare. Abin da nake son faɗi, ƴan uwa ɗalibai, shi ne yawancin matasan da muke yi wa tafi a siyasa yara ne na fuska ta biyu, kuma da hannunmu ake ɗora su.

Kowa ya san matakalar. Ana farawa nan cikin jami'a, a kwamitin ɗalibai, inda mutum ke koyon riƙe makirfo. Wani Alhaji ko tsohon depite ya hango shi, ya ba shi kuɗɗin shayi ya raba wa fadoji, ya ɗora masa tara ƴan kabu-kabu ranar mitin. In ya yi ladabi a sa sunansa cikin jerin ƴan takarar majalisar gari. A nan ne igiyar take. Mai zaɓe jerin jam'iyya yake jefa wa ƙuri'a, wanda ke tsara jerin kuwa yana zaune cikin salon, shi ke cewa wane na ɗaya, wane na tara. Magajin gari ma ba talaka ke zaɓensa kai tsaye ba, kansaloli ne ke fidda shi a tsakaninsu. To matashin da ya hau ta wannan hanya, wa zai ji tsoro? Tsohuwar da ta yi layi cikin rana, ko wanda ya rubuta sunansa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga nan idonsa sama yake. Majalisar gari zango ce, majalisar jaha zango ce, inda ake so a sauka shi ne Yamai, da kat-kat da direba. Alhali aikin da ya fi taɓa talaka a ƙasa yake: takardar haihuwa, tikitin kasuwa, kwashe shara, yashe magudanan ruwa kafin damina, rabon filaye. Tun 2016 anka ce an miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A tambayi matashin kansila aji nawa na zana ke cikin gundumarsa, ko nawa kasuwar garinsu ke kawowa a mako. In ya yi shiru, shekarunsa 28 mi sunka ƙare mu da shi?

Mu duba tarihin abin. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, an sake a 2011. Na gaba bai zo ba sai Disamba 2020, bayan an yi ta ɗaga shi ana ƙara wa zaɓaɓɓu wa'adi. A Yamai kaɗai majalisar ministoci ta tsige magajin gari a 2013, ta sake tsige wani a 2017. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja sunka rusa majalisun gari da na jaha gaba ɗaya, anka naɗa wakilai su riƙe. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan mataki. Ni tambayata daban ce: a unguwarku, mutum nawa sunka ji an raba su da wani abu nasu? Kujerar da talaka bai taɓa jin tasa ce ba, ranar da anka ɗauke ta ba zai yi kuka ba. Wannan laifi ba na tsofaffi ne kaɗai ba. Matasan da sunka zauna cikin majalisun nan suna da kasonsu.

Kada wani ya ce haka siyasa take tun fil azal. Djibo Bakary an haife shi a 1922, malamin lakwal ne, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Kafin ya hau kujera ya yi shekaru yana haɗa kan ma'aikata cikin ƙungiyar ƙwadago. A 1956, yana da shekara 34, ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A 1957 ya hau jagorancin gwamnatin ƙasar, a lokacin tana ƙarƙashin Faransa. Ƙarfin jam'iyyarsa teloli ne, direbobi, mahauta, ƴan tasha, leburori, kuma sunan da ta shahara da shi, Sawaba, daga bakin talaka ya fito. Ranar 28 ga Satumba 1958 ya ce a'a ga tayin De Gaulle, Faransa ta tsaya da ƙarfinta, ya faɗi, anka haramta jam'iyyar a 1959, ya yi gudun hijira. Ba waliyyi ba ne, kuma yunƙurin makami na 1964 ya jawo asarar rayuka da baƙin ciki. Amma a kula da abu guda: ya iya cewa a'a don waɗanda sunka ɗora shi suna ƙasa, ba sama ba. Yaron wane ba ya cewa a'a, sai dai “to, ranka ya daɗe”.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce siyasa sai da kuɗɗi, ɗan talaka mai diflom babu aiki ina zai samo na fosta da man mota in bai raɓi wani ba? Gaskiya ne, ba a musu. Za a ce kuma bari ya shiga tukuna, in ya yi ƙarfi zai ƙwace kansa. Wannan kam tatsuniya ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda anka tanƙwara shekara 10 ba ya miƙewa don ya samu ofis mai sanyi. Wasu na cewa a rage shekarun takara magana ta ƙare. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi haka a 2018, sun maida shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Ƙofa ta ƙara faɗi, amma mabuɗin na nan aljihun iyayen gida.

Yau babu jam'iyyu, an rusa su a Maris 2025. Amma ko ba jima ko ba daɗe za a koma zaɓen gari, kuma in ba mu shirya ba matakalar jiya za a sake jinginawa. Shi ya sa nake kawo shawara uku. Na ɗaya, duk matashin da ya zo neman goyon bayan ɗalibai ya faɗi da bakinsa wa ke biyan kuɗɗin kamfensa. Na biyu, ya yi alkawarin cika wa'adinsa a gari kafin ya hangi wata kujera. Na uku, wanda ya fi damuna a matsayina na ɗalibin harshe: ya karanta kasafin kuɗɗin gari a bainar jama'a cikin harshen da jama'ar ke ji. Mun saba da ɗan takara mai zuba karin magana da Hausa lokacin neman ƙuri'a, ranar lissafi kuma ya koma Faransanci. Wannan sauyin harshe labule ne. Tunda kundin da anka kafa a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, a fara gwada ta kan lissafin tikitin kasuwa, a yi haka da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamashek inda su ne harshen gari.

Mu ma akwai namu. Rabin ƴan ƙasar nan ba su wuce shekara 15 ba, saboda haka zama matashi a Nijar ba gwaninta ba ce, kowa matashi ne. Mu daina sayar da tafinmu kan jika biyu da buhun sukari. Wanda ya ce mana “lokacinmu ne”, mu ce masa ya zauna, ya sha shayi, ya gaya mana rijiya nawa ta mutu a gundumarsa da abin da za a kashe a tada ta. In ya sani, a saurare shi. In bai sani ba, ya koma ya gaida ubangidansa.