Kauri Ba Shi Ne Kyau Ba: Jan Kunne Ga Masu Sarin Baƙin Mai

 Yau zan ajiye zancen farashin duro da galan, in taɓo abin da ke cikin galan ɗin, domin na lura muna sayar da kayan da yawancinmu ba mu iya karanta rubutun jikinsa ba. Ni ma ina cikin masu laifin, kuma ga yadda aka yi.

Wani maƙwabcina a layi ya sayi mota 'yar Beljiyam, irin wadda Turawa suke yi wa ɗaki a ciki, da gado da murhu da makewayi, su riƙa yawon shan iska da ita lokacin hutu. Injin gas gare ta. Ya sa aka ɓamɓare gadon da sauran tarkace, aka mai da ita ta ɗaukar dilolin atamfa. Ranar juyen farko ya aiko yaronsa wurina, ni kuwa na auna masa daga duron da nake auna wa masu gingimari, watau mai lamba 40 zalla, na ce masa wannan ya fi kauri, shi ne na gas. Aka shekara da 'yan watanni ana haka. Sai wata fitila ta kama a gaban direba, mota ta daina jan kaya, ko ɗan hawa ta tarar sai nishi. Da bakanike ya kwance salansa, sai ga wata matata a ciki ta toshe da toka. Kuɗin gyaran ya wuce ribar da na ci a kansa nesa ba kusa ba, kuma tun daga ran nan yaron nasa wani shago yake zuwa.

To, abin da muka gada shi ne a tsoma yatsa a mai, a murza, in ya yi danƙo kamar zuma a ce ya yi. Wannan awo na zamanin da injina ke da faɗin rami ne, ba su da tobo, ba su da matata a salansa. Yatsa ba ya gaya maka yadda man zai zama idan inji ya ɗau zafi, balle magungunan da aka zuba a ciki. Mai algus ma ya san muna son kauri, saboda haka kaurin yake fara gyarawa.

Lambar da ke gaban galan, irin 15W-40 ko 5W-30, awon kauri ce ta ƙungiyar injiniyoyin motoci da ake kira SAE. Harafin W daga kalmar Turanci ta hunturu aka ɗauko shi. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa a zafin digiri 100. Ke nan 15W-40 da 40 zalla kaurinsu ɗaya ne idan inji ya yi zafi. Bambancin yana ga asuba, musamman a sanyin hunturu na watan Disamba da Janairu: mai 40 zalla sai ya yi nauyi, ya daɗe kafin ya kai ga tobo da saman inji, alhali kuwa a wannan ɗan lokacin na tayarwa ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Direban da ke tayar da mota ya taka totur nan take, shi da man suna haɗa kai ne su kashe tobo.

Amma kauri rabin magana ne. Juya galan ɗin ka dubi bayansa. Za ka ga haruffan API, watau cibiyar man fetur ta Amurka. Idan abin da ke biye ya fara da S, na injin fetur ne. Idan ya fara da C, na gas ne. Harafi na biyu kuwa kamar aji ne a makaranta, yana gaba yana ƙara daraja: CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a 2016. Galan ɗin da ka ga an rubuta CC ko CD kawai, ajin da aka daina ba da shaidarsa tuntuni ne, ko da kwalinsa yana ƙyalli. Akwai kuma FA-4 wanda ya fito tare da CK-4, shi siriri ne, na sababbin injina ƙalilan, kada a zuba wa tsohuwar tirela.

Motocin Turai, irin Fiat Ducato da Mercedes Sprinter waɗanda a kansu ake gina yawancin motocin ɗakin nan, ma'aunin ACEA suke bi, na ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai. A nan ne ake yin tuntuɓe, domin su ma suna da harafin C, amma ma'anarsa daban. C na Turai, kamar C3, yana nufin mai ne mai ƙarancin toka. Na manyan motocin kaya da harafin E yake farawa, kamar E7. Mercedes ma tana da lambobinta: 228.3 na manyan motoci, 229.51 na ƙanana masu matata. Dalilin wannan rabe-rabe shi ne, tun wajen 2009 zuwa 2011 dokar hayaƙi ta Turai ta sa kusan duk ƙaramar motar gas tana fitowa da matatar kunkunniya a salansa. Kunkunniya tana ƙonewa idan mota ta yi doguwar tafiya, amma tokar da ke fitowa daga magungunan baƙin mai ba ta ƙonewa, taruwa take yi har ta toshe hanya. Tsohon inji mai shan mai kuwa ya fi saurin cika ta. Abin da ya sami motar maƙwabcina ke nan, kuma da hannuna na auna masa.

Wani zai ce, to sai kowa ya koma C3 a huta. A'a. Man gas yana da farar wuta a ciki, idan ta ƙone tana zama ruwan guba mai cin ƙarfe, kuma magungunan nan masu barin toka su ne ke kashe kaifinta. Turai ta rage farar wutar gas ɗinta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, shi ya sa mai mai ƙarancin toka yake isarsu har su yi kilomita dubu 30 ko fiye ba juye. Mu kuwa, dokar Nijeriya ta daɗe tana yarda da kashi 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Abin da ke takarda daban, abin da ke jarkar ɗan bumburutu daban. Saboda haka ra'ayina, tsohuwar gingimari ko tirela marar matata a ba ta 15W-40 mai shaidar CH-4 ko CI-4 ko E7, wannan ya dace da gas ɗinmu da ƙurarmu. Mai matata a ba ta abin da littafinta ya ce, amma a gaya wa mai ita ya manta da lissafin Turai, ya riƙa juye da wuri tare da canza filta, ya kuma sha gas a gidan mai da ya amince da shi.

Akwai darasi guda da masu motar ɗaki a Turai suka riƙe, domin motarsu tana yin watanni a ajiye: mai yana lalacewa ko mota ba ta motsa ba, raɓa tana taruwa a ciki, shi ya sa da yawansu suke juye duk shekara ko kilomita ba ta cika ba. Wannan ya shafi masu injin ban-ruwa da ke kwana duk damina, da masu janareto, da motar da sai kaka take fita jigilar hatsi zuwa Dawanau.

Sai kuma ƙorafin da muke sha kullum, wai an zuba mai jiya yau ya yi baƙi, jabu ne. A injin gas wannan ba aibi ba ne, aikin man ke nan, ya kwashi kunkunniya ya riƙe ta kada ta daskare a jikin ringi. Jabun na gaskiya shi ne tsohon man juye da ake tacewa a rina a ɗura a galan ɗin kamfani. Mu muke sayar musu da galan ɗin da aka juye, a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ni yanzu duk wanda aka juye a gabana sai na huda gindinsa da wuƙa. A dubi hatimin murfi, da lambar ɗauri, da tambarin hukumar SON, kuma duron da aka kawo maka ƙasa da farashin kamfani, araha ba ta ado, ka tambayi dillalin inda ya samo.

Dillalai, ku ma la'adarku tana kan wannan. Kafin ka haɗa ciniki, tambayi mai saye: motar ta wace shekara ce, tana da tobo, matatar tana nan ko an cire? In babu littafi, sau da yawa akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofa, wadda garejin Turai ya rubuta man da ya zuba na ƙarshe. Wanda bai iya boko ba ya sa yaron shago ya karanto masa, ko ya zana haruffan a bango kusa da ma'auni, kamar yadda na yi a nawa shagon.