Zare: lanchin ginin coci, da abin da ya kamata a riƙa faɗa a makirufo

1/ Ranar Lahadi aka yi lanchin asusun gini a cocinmu. Kwana uku ke nan abin yana cin raina, to bari in sauke shi a nan. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Tun kafin wani ya ce ina yaƙi da aikin Allah: ina goyon bayan ginin nan ɗari bisa ɗari. Rufinmu yana yoyo, da damina sai an ja benci gefe ana tsakiyar wa'azi. Yaran makarantar Lahadi a gindin darbejiya suke karatu. Buƙatar gaskiya ce, kuma na ba da nawa. Yadda ake karɓa ne ya dame ni.

3/ Kun san tsarin ai. Rumfa, babban tebur, babban mai ƙaddamarwa da tawagarsa. Emsi ya riƙe makirufo, a kira suna, a faɗi adadi, a buga ganga, mata su rangaɗa guɗa. Daga nan a fara gangarowa: wa zai ba da dubu ɗari? Hamsin? Ashirin? Da aka iso dubu biyar sai emsi ya duba agogo ya ce sauran jama'a a taso layi-layi a jefa a kwando, lokaci ya tafi.

4/ Kusa da ni akwai wata mama mai tuyar ƙosai. Ita ke share coci duk Asabar. Lokacin da aka buga bulon farko, ita da ƴan Zumuntar Mata ne suka yi ta jidar ruwa a ka har kwana huɗu. Na ga ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga abin da ke ciki, ta mayar ta ƙulle. Na ce, "Mama, ba za ki tashi ba?" Ta ce, "Ɗana, namu ba na faɗa ba ne, bari manya su gama."

Wannan maganar ce ta hana ni barci.

5/ Ɗaya gefen kuma akwai masu ɗaga hannu don kunya. A lanchin da ya wuce wani abokina ya yi alkawarin dubu ɗari, don surukinsa na gobe yana zaune a babban tebur. Albashinsa bai kai haka ba. Bayan wata uku aka manna sunayen waɗanda ba su cika alkawari ba a allon sanarwa. Tun daga ranar ya koma sujada a wata unguwa. Mun samu dubu ɗari a takarda, mun rasa mai kaɗa mana jita.

6/ Kuma alkawari ba ya sayen siminti. A sanar an tara miliyoyi, kowa ya tafa, kwamiti ya yi lissafi a kan wannan adadin, a ƙarshe abin da ya shiga asusu bai kama ƙafarsa ba. Kafin a gama bin mutane farashi ya gudu. Ku tuna buhun siminti da ake saya wajen dubu biyar a 2023, a farkon 2024 ya haura dubu goma a wurare da yawa. Shi ya sa kuke ganin gine-ginen coci sun tsaya a linta shekara da shekaru, rodi yana tsatsa a sama.

7/ Toh mu buɗe Littafi, tun da shi ake karanta mana kafin a fara kiran suna. Labarin gwauruwa mai anini biyu a Markus 12 ba ya wuce ranar lanchin. Amma ku duba abin da ya zo daf kafinsa: Yesu yana kashedi ne a kan malaman Attaura masu son manyan kujeru, masu cinye gidajen gwauraye. Abin da ya biyo bayansa kuma, a farkon sura ta 13, almajiri yana yaba manyan duwatsun Haikali, Yesu ya ce duk za a rushe su. Matar nan ba wanda ya kira sunanta, har yau ba mu san shi ba. Yesu ne kaɗai ya lura da ita. A tsarinmu na yau tana cikin ƴan layi-layi.

8/ Gangamin tara kuɗi mafi girma a Sabon Alkawari shi ne wanda Bulus ya yi wa matalautan Urushalima. Ku je 1 Korintiyawa 16 ku ga tsarinsa: kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a tashi ana tara kuɗi a gurguje. Wato mutumin da kansa ya guje wa ranar lanchin. A 2 Korintiyawa 8 da 9 ya ƙara cewa ana karɓa ne bisa abin da mutum yake da shi, ba a so wasu su huta wasu su shiga matsi, kuma ba tilas.

9/ Ga wurin da ba a cika yi mana wa'azi a kai ba. Bulus bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya tura Titus tare da wasu ƴan'uwa, ciki har da wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, kuma ya faɗi dalili: kada kowa ya samu abin zargi. Manzo guda fa. In Bulus bai ji haushin a sa masa ido ba, ban ga dalilin da shugaban kwamitin gini zai ɓata rai don matashi ya tambayi rasit ba.

10/ Riƙon amana da ake koya mana kullum gefe ɗaya yake kallo: kuɗinka na Allah ne, kawo. Gaskiya ne, na yarda. Amma bayan ya shiga kwando ma ai na Allah ne, bai zama na kwamiti ba. Lanchin uku na gani a cocin nan. A kowanne an faɗi wa ya ba da nawa. Ko sau ɗaya ban ji an tsaya a wannan makirufon an ce buhu kaza muka saya, tifar yashi kaza, birkila ya karɓi kaza, saura kaza a banki ba.

11/ Ban ce an ci kuɗi ba, ku ji ni da kyau. Ma'ajinmu dattijo ne da nake girmamawa, kuma na san sau da yawa daga aljihunsa yake cika giɓi. Amma inda ba a karanta lissafi, mai gaskiya ma ba ya tsira daga gulma. Ku shiga guruf ɗin matasa na WhatsApp bayan sujada ku ji abin da ake faɗa.

12/ 2 Sarakuna 12 kamar cocinmu aka rubuta wa. Sarki Yowash ya ce firistoci su karɓi kuɗi su gyara Haikali. Har shekara ta 23 ta mulkinsa ba a gyara komai ba. Sai Yehoyada firist ya ɗauko akwati ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare, a miƙa wa masu kula da aikin su biya kafintoci da magina. Nan aiki ya tashi. Na san wani zai ce ai surar ta ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikatan ba saboda amincinsu. Haka ne. Amma sai da aka raba mai karɓa da mai ƙirgawa da mai kashewa tukuna.

13/ Wani dattijo ya ce min, "Yaro, in ba a kira suna ba kuɗi ba ya fitowa." Ba zan ce ƙarya yake ba. Dawuda ma ya faɗi abin da ya bayar a gaban jama'a a 1 Tarihi 29, shugabanni suka bi sahunsa. Bulus ya zuga Korintiyawa da labarin Makidoniyawa. Sai dai Makidoniyawan nan matalauta ne, talaucinsu ne ma ya sa labarin ya yi nauyi. Mu kuwa mai kuɗi muke nuna wa matalauci. Kuma in ɗan siyasa ne a babban tebur, watanni kaɗan kafin zaɓe, kowa ya san ba siminti kaɗai ya zo saya ba. Yakubu sura ta 2 ya riga ya yi maganar wa ake ba kujerar gaba.

14/ Mu matasa ma kada mu ɓuya a bayan wannan zaren. Da yawanmu "sai an nuna lissafi" hujjar rowa ce kawai. Abin da muke zubawa a data da anko da caca a wata ɗaya ya fi baikonmu na rabin shekara. Iyayenmu da suka gina majami'un ƙasa a ƙauyuka ba su da albashi: damin dawa suka kawo, akuya, kwanakin aikin gayya. Ƴan'uwanmu na EYN da Boko Haram ta ƙona musu majami'u, har ta mamaye hedikwatarsu a Kwarhi a 2014, sun koma sun yi sujada a cikin kango kafin su sake ɗora rufi. Ba mu fi su matsi ba.

15/ Abin da nake roƙo ba shi da tsada. A ba kowa ambulan iri ɗaya ko lambar asusun coci, ba asusun wani mutum ba. Kowa ya rubuta abin da zai iya duk wata, ma'aji da sakataren kuɗi kaɗai su sani. Mutum biyu ko uku su ƙirga, su sa hannu. Wanda ya yi lebura ko ta jidi ruwa a rubuta shi a littafin masu bayarwa. Lahadin farko na kowane wata kuma a ba kwamiti minti biyar a makirufo su karanta shiga da fita.

16/ Taron membobi na zuwa ƙarshen wata. Na riga na gaya wa shugaban matasa zan ɗaga hannu in kawo wannan maganar, kuma na faɗa wa Baba Fasto tun jiya don kada ya ji ta a bakin wani. Ya yi shiru, ya ce in zo da ita a rubuce.

17/ Maman ƙosai kuwa, da aka tashi na hange ta ta zagaya bayan ofis, ta miƙa wa ma'aji ƙullinta ba wanda ya gani. Ya ce ta tsaya ya ba ta rasit, ta ce ya bari, wake na jiranta a jiƙe.