Kwata Ba Ta Yasuwa Sai Dagwalon Ya Bar Unguwa

Duk wanda ke bi ta Damba a farkon damina ya san wannan. Ranar Asabar matasa su fito aikin gayya da shebur da manjagara da baro, su yashe magudanar ruwa tas. Allah ya saka musu da alheri. To amma ina dagwalon da aka kwaso? Yana nan jibge a bakin kwatar. Hadari ɗaya ya haɗo, komai ya koma inda ya fito. An sha gumi, an ɗora hotuna a Facebook, kafin sati ya zagayo kwata ta sake toshewa.

Ni a ganina ba masu fitowa muka rasa ba. (Da gangan ban ce 'yan sa-kai ba, kun san abin da kalmar ke nufi a Zamfara.) Abin da muka rasa shi ne motar da za ta kwashe sharar, da wurin da za a kai ta.

Ku duba abin da ake tonowa: baƙar leda, ledar fiyawata, robar lemo. Ba sa ruɓewa. Su ne ke tare ruwa ya kwanta, sauro ya samu gidan haihuwa, ruwan ƙazanta ya malala cikin rijiyoyi. Ba mu manta kwalarar 2021 ba. Akuya ma ba ta tsira ba, tambayi kowane mahauci irin ledar da yake cirowa daga tumbinta. Ruwanda ta hana leda tun 2008, kuma ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ke fita aikin gayya. Mu kuwa ko kati ɗaya na magani ka saya, sai an ƙulla maka shi a leda, kai ma ka karɓa.

Don haka 'yan'uwana ɗalibai, in mun koma gida Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, kafin a ɗauki shebur a fara haɗa kuɗin tifa, ko da karo-karo ne. A zauna da mai unguwa a tsayar da inda za a zubar. Roba da ƙarfe a ware wa 'yan gwangwan, su saye suke yi, kuɗin ya shiga na mai. Kuma a yi aikin a Afrilu ko Mayu, lokacin da kwata ke bushe. A Agusta wallahi wahalar banza ce.

Ku kuma 'yan sashen injiniyan gine-gine, kwatar da aka gina babu gangare ko sau goma aka yashe ta ruwa zai kwanta. Ku ɗauko na'urar awonku ku zo.