Ladabin Baƙo a Jerin Gwanon Sebiya

Duk shekara, daga Lahadin da ke gaban Ista har zuwa ranar Ista kanta, ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na Katolika kimanin 60 sukan fito daga majami'un unguwanninsu a birnin Sebiya na ƙasar Sipaniya, wanda littattafan Larabci ke kira Ishbiliya. Kowace ƙungiya takan bi titi cikin jerin gwano zuwa babbar majami'ar birnin, sannan ta koma gida. Wasu sukan kwashe sa'a 12 ko fiye a hanya. A ganina, baƙon da ya je kallo yana da haƙƙin da ya rataya a wuyansa, kuma haƙƙin yana farawa ne daga bakinsa.

Abin da ake ɗauke da shi wani babban dandamali ne na katako, an jera masa kyandirori da furanni, a kansa kuma siffar Yesu ko ta Maryamu. Nauyinsa kan wuce tan guda. Maza 30 zuwa 50 ne ke ƙarƙashinsa, labule ya rufe su, suna riƙe da shi a kan ƙashin wuyansu, ba sa ganin gabansu, sai umarnin jagoran da ke buga musu ƙarfe in za a ɗaga. To, ɗalibin da zai ba da labarin wannan da Hausa, wace kalma zai ɗauka? Harshe yakan yi saurin cewa gunki. Amma gunki abin bauta ne, kuma Katolika suna cewa girmama siffofin suke yi domin tunawa da waɗanda aka siffanta, bauta kuwa ta Allah ce. Mutum yana da ikon ƙin yarda da wannan bayani, sai dai in ya rubuta gunki, ya riga ya yanke hukunci alhali yana cewa labari yake bayarwa. Mutum-mutumi ko siffa sun wadatar. Haka ma dogayen huluna masu tsini da masu tuba ke rufe fuska da su: baƙi da yawa kan tuna da ƙungiyar wariyar launin fata ta Amurka, wadda aka kafa a 1865, alhali hular ta girme ta nesa ba kusa ba.

Bayan kalma sai shiru. A daren Alhamis wayewar Juma'a, lokacin da siffar da Juan de Mesa ya sassaƙa a 1620 ke wucewa, dubban mutane kan yi tsit har a ji jan ƙafar masu ɗauka. Wani lokaci mawaƙi ya rera waƙar makoki daga barandar bene, ba ganga ba ƙaho. A nan ne za ka ga baƙo ya kutsa tsakanin sahu yana ɗaga waya, yana haska fuskar mai kuka. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan yawon buɗe ido ya tare gaban dokin sarki a hawan sallah ya san irin haushin da wannan ke jawowa. Cunkoson ma ba abin wasa ba ne: a 2000 da 2017 firgici ya tarwatsa jama'a a wannan dare, aka yi turereniya, mutane suka ji rauni.

Za a ce ai mutanen garin ma biki suke yi. Gaskiya ne. Ana hayar kujeru a babban titi, gidajen abinci cike suke, yara suna roƙon masu tuba su ɗiga musu kakin kyandir su dunƙula. Amma mai gida shi ya san lokacin dariya da lokacin kame baki, don haka baƙo ya dubi na kusa da shi, in sun yi shiru ya yi. Idan kuma jerin ya isa babbar majami'a, ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar da ke gefenta. Hasumiyar masallaci ce da Muwahhidai suka kammala a 1198, daga baya aka ɗora mata ƙararrawa.