Wasan Wuta: Tsakanin Hani da Lasin

Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, ko kuwa aka ce Salla saura 'yan kwanaki, akwai wata sanarwa da kunnuwanmu suka saba da ita har mun kusa haddace ta. Kakakin 'yan sanda na jiha zai fito a gidan rediyo ya ce an hana sayarwa da kunna kayan tartsatsin wuta, waɗanda yara ke kira nokawut ko banga, kuma duk wanda aka kama zai yaba wa aya zaƙinta. A daren da aka yi shelar, kafin a idar da sallar lisha, sai ka ji unguwa ta ɗauki ƙara kamar ba a ce kome ba. Shekara ta kewayo, a sake karanta wannan takarda, yara su sake kunna abinsu. Mu dai a ganinmu, dokar da ake ta maimaita shelarta ba tare da ta canza halin kowa ba, ta isa a zauna a dube ta da idon basira.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu kare yaron da ke jefa banga a ƙarƙashin motar mutane ba. Wannan ɓarna ce, kuma a hukunta shi. Maganarmu a kan wani ne dabam, watau saurayin nan da abin ya shiga ransa da gaske, wanda idan wuta ta fashe a sama ta watsu ja da kore, sauran jama'a na tafi, shi kuwa yana tambayar kansa yadda aka yi launin ya fito. Irinsa ba su da yawa, amma akwai su a cikinmu, galibi a sashen ilmin haɗa sinadarai ko na injiniya. A wasu ƙasashe irin wannan sha'awa tana da hanyar da za ta bi ta zama sana'a mai lasin, mai daraja, wadda mutum zai ci abinci da ita. A nan kuwa abin da ke isa kunnensa ɗaya ne tak: an hana.

Da farko ya kamata a san cewa abin ilmi ne tsantsa. Tun a ƙarni na 9 mutanen ƙasar Sin suka gano albarushi, kuma har yau garin Liuyang na lardin Hunan yana cikin manyan wuraren da ke ƙera wa duniya kayan wasan wuta. Launukan da muke gani kuwa daga gishirin ƙarafa suke: sinadarin sitirontiyam shi ke ba da ja, bariyam kore, sodiyam rawaya, tagulla kuma shuɗi, kuma masu sana'ar sun yarda cewa shuɗi mai kyau shi ya fi kowane launi wuyar samu, domin idan zafi ya yi yawa sai launin ya dusashe. Ƙunshin da ake harbawa sama daga bututu yake tashi, yana ɗauke da lagwanin da aka auna tsawon cinsa, don kada ya fashe sai ya kai ƙololuwar tashinsa. Idan lissafin ya kuskure da daƙiƙa biyu, abin da aka shirya don sama sai ya sauko kan jama'a. Wanda bai san wannan ba yana iya kiransa wasa, amma wanda ya sani ba ya kusantarsa sai da alwalar hankali.

To, bari mu dubi yadda mai sha'awa ke zama gwani a Amurka, inda tsarin ya fito fili sosai. A can an raba kayan gida biyu. Akwai ƙananan da talaka zai iya saya a kanti a jihohin da suka yarda, akwai kuma manyan da ake harbawa a taron jama'a, waɗanda ba mai sayen su sai wanda ya riƙe lasin ko izni daga hukumar tarayya mai kula da barasa da taba da bindigogi da abubuwan fashewa, wadda aka fi sani da ATF. Tun daga dokar 2002 aka ƙara tsananta sharuɗɗan: za a ɗauki zanen yatsun mai nema da hotonsa, a bincike tarihinsa, jami'i ya zo da kansa ya ga siton da za a ajiye kayan, ya duba makullansa, ya auna tazararsa da gidajen mutane da hanyar mota. Lasin na shekara 3 ne, kuma wajibi ne mai shi ya riƙa rubuta duk abin da ya shiga siton da duk abin da ya fita.

Wannan takarda ta tarayya izni ce ta saye da ajiya kawai. Ikon tsayawa a fili a ce kai ne shugaban masu harbi kuwa, jihohi da yawa sun mai da shi jarrabawa ta dabam. A Kalifoniya, alal misali, sai mutum ya cika shekara 21, ya yi shekara 2 yana aiki a ƙarƙashin masu lasin, ya sa hannu a wasannin taron jama'a aƙalla 8, masu lasin su rubuta masa shaida, sa'an nan ya zauna jarrabawa a hannun hukumar kashe gobara ta jiha. A Jamus abin ya fi haka tsawo, domin sai ɗan koyo ya kawo shaidar cewa ya taimaka a manyan wasanni masu yawa kafin ma a yarda ya shiga ajin horo, ban da takardar hukuma mai tabbatar da cewa shi mutum ne abin amincewa.

Mene ne ɗan koyon ke yi a waɗannan shekaru? A nan ne sha'awar mutane da yawa ke ƙarewa, don haka gara a faɗi gaskiya. Dako yake yi. Shi ke sauke bututu daga mota, shi ke kafa su ya tokare, shi ke jan waya cikin rana tun hantsi saboda wasan da ba zai wuce minti 20 ba. A hankali yake koyon ƙa'idoji, kamar wadda ta ce a kan kowane inci guda na faɗin ƙunshi sai a nisantar da 'yan kallo ƙafa 70, watau ƙunshi mai inci 6 yana neman fili na ƙafa 420 ta kowace fuska. Yana koyon karanta iska, da kuma ƙarfin halin ce wa mai biki a dakata ko da ya biya kuɗinsa kuma manyan baƙi sun zauna. Bayan an watse, kowa ya tafi gida, shi ne zai bi filin da tocila yana neman ƙunshin da ya ƙi tashi, domin idan ya bar shi, gobe da safe yaro ne zai tsince shi. Wannan aiki na ƙarshe, wanda ba mai gani balle ya yi tafi, shi ne ke raba mai sana'a da mai wasa.

Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne ba a wulaƙanta mai sha'awa. Tun 1969 masu son abin a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da PGI, tana taro kowace shekara, tana kuma koyar da darasin shugabancin harbi da ba da shaida. Watau dai an buɗe wa saurayi ƙofa ya shigo inda manya za su gan shi, su gyara masa hannu, maimakon ya ɓuya a bayan gida yana gwaji shi kaɗai. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka maƙeri ke shekaru yana zuga kafin a ba shi guduma, haka kuma 'yan bindigan da ke cika fili da ƙara da hayaƙi a ranar hawan Salla suke da shugabansu, ba kowa ke ɗaukar bindigar toka ya shiga sahu ba. Kakanninmu sun san albarushi yana son mai gida.

Amma kada wani ɗan'uwa ya karanta wannan ya ajiye littafinsa yana tsammanin ya sami hanyar arziki. Ko a Amurka, yawancin masu lasin suna da wani aikin da suke ci da shi, domin kasuwar kusan duk tana taruwa ne a kan bikin 4 ga Yuli da daren sabuwar shekara. Kuɗin inshora yana da nauyi, gina sito ma haka. Ga kuma kishiya ta taso: a bikin buɗe wasannin Olimfik na hunturu na 2018 a Koriya ta Kudu an nuna jirage marasa matuƙi 1,218 suna zana siffofi da haske a sama, kuma tun daga nan birane da dama suka fara karkata can, saboda gudun gobara da hayaƙi. Wanda zai shiga sana'ar yau sai ya iya kwamfuta da waya kamar yadda ya iya wuta, domin manyan wasanni da na'ura ake harba su, ba da ashana ba.

Akwai masu cewa lasin takarda ce kawai, kuma takarda ba ta kashe gobara. Suna da hujja mai ƙarfi. A ranar 13 ga Mayu, 2000, wani sito na kayan wasan wuta ya tashi a tsakiyar garin Enschede na ƙasar Holan, mutum 23 suka mutu, 4 daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne, kusan 950 suka ji rauni, unguwa guda ta zama kufai. Kamfanin yana da izni. Kwamitin bincike ya ɗora laifi a kan kamfanin da kuma hukumomin da aka ɗora wa sa ido suka yi sakaci. Idan haka ta faru a Holan, ina ga inda ake iya sayen sa hannun jami'i da ɗan abin goro? Mun yarda. Sai dai darasin da ke ciki shi ne lasin ba ya aiki sai da mai duba shi, ba wai a bar kayan a hannun wanda ba a ma san da shi ba. Su mutanen Holan ɗin, ko da majalisarsu ta amince a 2025 da dokar hana talakawa kunna yawancin kayan, ba ta rufe wa ƙwararru masu izni ƙofa ba.

Mu ma mun ga namu. A ranar 26 ga Disamba, 2012, wani gini da aka maƙare da kayan tartsatsin wuta ya kama a unguwar Jankara da ke tsibirin Ikko, ya ci gine-ginen da ke maƙwabtaka da shi, mutane da dama suka jikkata. A tsakiyar kasuwa aka tara su, inda ba wani mai duba sito da zai yarda a ajiye ko kwali guda. Kayan da aka hana ba sa daina shigowa, sai dai su koma ɓoye, kuma wurin ɓuya shi ne ƙarƙashin gado da bayan shago, kusa da janareto da jarkar fetur.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Duk wanda ya kwana a Kano a ranar 20 ga Janairu, 2012 ya san abin da ƙarar fashewa ke yi wa zuciya, kuma gaskiya ne 'yan fashi na iya fakewa da ƙarar banga su yi harbi. Saboda haka ne ma muke ganin a raba abin gida biyu. Bangar da ake jefawa a lungu ba tare da kowa ya sani ba, ita ce mai firgita jama'a, a ci gaba da hana ta, a kuma bi masu shigo da ita maimakon yaran da ke sayen ta da kuɗin kashewarsu. Wasan da aka sanar da ranarsa da sa'arsa, a filin da aka auna, 'yan sanda sun sani, motar kwana-kwana na tsaye, mai lasin ya sa hannu da sunansa, wannan ba ya firgita kowa. Masu cewa ƙona kuɗi ne kawai, mu ma ba mu ce a ɗebi kuɗin asibiti a harba sama ba. Amma tun da gwamnatoci da kamfanoni da masu hali ba su daina neman abin a bukukuwansu ba, gara kuɗin ya shiga hannun ɗan ƙasa da aka horar.

Kuma ba daga tushe za a fara ba. Nijeriya tana da dokar abubuwan fashewa tun 1964, da ƙa'idojinta na 1967, kuma a ƙarƙashinsu ne ma'aikatar ma'adinai ke ba masu fasa dutse izni da takardar shaidar gwaninta. Ƙasar da ta iya jarraba mai ɗaura nakiya a jikin dutse ba za ta kasa jarraba mai harba wuta a filin wasa ba. Abin da muke nema ga 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga ofis, musamman waɗanda takardun ma'aikatar ma'adinai da na hukumar kashe gobara ke bi ta teburinsu, shi ne a fito da hanyar fili, a buga ta yadda kowa zai karanta: shekarun mai nema, yawan wasannin da zai yi a ƙarƙashin wani, wurin jarrabawa, tazarar sito da gidaje, da kuma laifin da zai sa a ƙwace lasin. Kwalejojin kimiyya da fasaha na iya ɗaukar nauyin darasin na 'yan makonni tare da jami'an kwana-kwana.

Kafin a kai ga haka, muna roƙon duk wani ɗalibi da abin ke ransa kada ya mai da ɗakin kwanansa wurin gwaji, ko ya ɗebi wani abu daga ɗakin binciken sashensu. Ya kai maganar gaban ƙungiyar ɗaliban sashensa, a rubuta wa ma'aikatar takarda a hukumance, a tambaye ta sharuɗɗan, a kuma aiko mana da kwafin amsar mu buga ta a fitowa ta gaba.