Na'urar Wasa a Bakin Kwara

A shekarar 2006, yayin da kamfanin Sony ya fito da PlayStation 3 a kan kusan dala 600 domin gwanayen da suka mai da wasa tamkar sana'a, sai Nintendo ya bi wata hanya daban, ya sayar da Wii a kan dala 250, yana nufin iyalai da dattawa da waɗanda ba su taɓa riƙa makamin wasa ba, har daga baya ya sayar da fiye da miliyan 100, al'amarin da masana tijara suka ɗauka hujja ce cewa jama'a sun fi ƙwararru riba. Amma ni a ra'ayina, wannan rabe-rabe bai ƙetaro Kwara ya iso Dole Kaina ba, domin a nan mai sayen na'urar shi ne mai rumfa, wanda ya kafa tsohuwar PlayStation 2 da talabijin da ƙaramin janareta, yana karɓar kuɗi a kan kowane zagaye na ƙwallo. Gwani da ɗan koyo kan benci ɗaya suke zaune, makami ɗaya suke jira, shi kuwa mai rumfa, Allah ya sani, lissafin man fetur ya fi damunsa da sanin wanda ya ci.