Tsohuwar Land Rover da rigimar dainamo

Duk wanda ya taɓa riƙe mota ta shekarun 1950 ko 1960 ya san jar fitilar caji da ke gaban direba. Kana kan buɗaɗɗiyar hanya ba ka ganinta. Da ka shigo gari ka tsaya a danja, inji ya koma sulo, sai ta soma ƙyaftawa, fitilun gaba kuma su dushe kamar aci-balbal. Saƙonta ɗaya ne: dainamo ya daina ciyar da batir, yanzu batir ne yake ɗauke da motar shi kaɗai. In aka jera 'yan kwanaki a haka, wata safiya sai an nemo yaran unguwa su tura.

A kan wannan nake so mu tattauna, domin gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu tsofaffin motoci da masu wayarin: a bar dainamo inda kamfani ya ɗaura shi, ko a kwance shi a ɗora altaneta? Ni dai na ɗauki ɓangare. Motar da ake fita nema da ita, a sauya mata. Inda nake da ja shi ne irin aikin da ake yi wajen sauyawar, da kuma abin da ake yi da tsohon dainamon bayan an sauke shi.

Land Rover zan yi misali da ita, don ita muka fi sani. A zamanin En'e da farkon samun mulkin kai, ita ce motar Di'o da malaman dabbobi da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti masu shiga ƙauyuka, kuma har yau akwai tsirarunsu da ke jan motar da ta lalace ko ɗaukar kaya a hanyoyin da ƙaramar mota ba ta bi. Ƙirar Series II ta fito a 1958, IIA ta biyo baya a 1961, kuma yawancinsu da dainamon kamfanin Lucas suka zo. Samfurin C40, wanda ya fi yawa a motocin Ingila na lokacin, iyakar ƙarfinsa amfiya 22, shi ma sai inji yana gudu sosai. Da aka fito da Series III a 1971, kamfanin da kansa ya koma altaneta. Ba ma shi ya fara ba, domin tun 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya sa ta a motarsa Valiant, sauran kamfanoni suka bi sahu cikin 'yan shekaru. Saboda haka mai cewa ɗora wa tsohuwar Land Rover altaneta cin amanarta ne, da maƙeranta yake gardama.

Me ya sa dainamo yake gazawa a sulo? A cikinsa, dunƙulen naɗin wayar da ke haifar da wuta shi ne yake juyawa. Duk wutar da ya haifar sai ta bi ta wani zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga, burushi biyu na gawayi suna gogarsa suna kwashewa. Wannan dunƙule yana da nauyi, kuma in aka juya shi fiye da ƙima, naɗin da dalmar da ta riƙe shi sukan saki. Dole maƙera suka ba shi babban fuli don kada ya wuce iyaka idan direba ya taka mota. Sakamakon haka, in inji ya sauko sulo, juyin dainamo ba ya kai ya yi caji, sai katawut ya raba shi da batir don kada wutar batir ta koma cikinsa.

Altaneta akasin haka aka gina ta. Naɗin da ke haifar da wuta a tsaye yake a jikin kwanso, maganaɗisu ne yake juyawa a tsakiya, burushinta kuwa 'yar wuta kaɗan suke ɗauka a kan zobba masu santsi. Tana jure gudu, don haka ana ba ta ƙaramin fuli, ta riƙa juyawa ninki biyu ko fiye na juyin inji. Ko a sulo tana caji. Wutar da take haifarwa mai kai-da-komo ce, sai dayod su miƙe ta ta dace da batir, su ne kuma suke hana wutar batir komawa, ba a bukatar katawut. Abin da ya jinkirta zuwanta motocin talakawa dama shi ne rashin dayod ƙanana masu araha, kuma da aka same su a ƙarshen shekarun 1950, zamanin dainamo ya fara ƙarewa.

Mu yi lissafi. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowace suna jan kusan amfiya 9. Ƙara ƙananan fitilu na gaba da baya, da kwayil, da waifa in damina ce, ka doshi amfiya 16 ko 17. Saura nawa a cikin 22? Mai motar yau kuma ba ya tsayawa nan. Yana son rediyo, yana cajin waya biyu, ya ɗaura ƙarin fitila saboda ramukan hanya. A da, motar takan yi doguwar tafiya da rana, batir ya cika kafin magariba. Yau rabin ranarta a cunkoso take yi, inda dainamo ba ya ba da ko amfiya ɗaya. Batir kuwa in ana yawan barinsa ya sauka ƙasa ba ya daɗewa, kuma kowa ya san kuɗin batir yanzu.

Masu kare dainamo ba su rasa hujja ba, kuma ina ganin girmansu. Dainamo abu ne da ake buɗewa a kan benci a ga komai da ido. Burushi ya cinye a sa wani, zobe ya yi datti a goge, naɗi ya ƙone a sake naɗawa. Ba shi da dayod da zai ƙone don an juya kan batir bisa kuskure. Akwai kuma wata baiwa tasa da direbobin daji suka sani: yana riƙe ɗan maganaɗisu a ƙarfensa, don haka ko batir ya yi sanyi ƙwarai, in aka tura motar da ƙarfi yakan iya tayar da kansa. Altaneta kuwa sai ta ɗan samu wuta daga batir kafin ta fara aiki. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, tsofaffin da suka iya saita akwatin regileta da hannu suna ƙarewa. Yaron da ya koyi wayarin cikin shekarun nan zai iya gama koyo a yaye shi bai taɓa buɗe dainamo ba, ba shi da labarin cewa in an ɗaura sabo sai an ɗan taɓa masa wuta don ya san alkiblarsa. Altaneta kuwa, sabuwa ko ta Beljiyam, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka zaɓa. Abin da ake iya gyarawa amma babu mai gyaransa, sauƙin gyaran nasa bai amfane ka ba.

To, mu zo kan aikin kansa, inda ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa.

Motocin Ingila da yawa na wancan zamani, har da Land Rover kafin 1967, kan batir mai alamar tarawa (+) ne aka ɗaura a jikin mota a matsayin as. Altanetar da ke kasuwa kusan dukkanta akasin haka take so, wato kan mai alamar ɗebewa (−) a jikin mota. Wanda ya ɗaura ta bai duba wannan ba, dayod za su ƙone kafin ya ajiye sifana. Sai an fara juya batir, a musanya wayoyi biyu na kwayil, a musanya na agogon amfiya in akwai shi, a kuma duba rediyo da duk wani abu mai kayan lantarki na zamani a ciki. Kik da fitilu ba ruwansu, ko ta wane ɓangare suna aiki. Wannan ba aikin awa guda ba ne ma, amma rashin yinsa shi ne asarar altaneta sukutum.

Sai waya. Wayar da ta fito daga dainamo an auna ta ne don amfiya ashirin da 'yan kai, ga shi ta shekara hamsin tana shan zafin inji, robarta ta bushe. In ka tura mata amfiya 50 ko 60 lokacin da batir ya yi ƙasa, za ta yi zafi, kuma ta bayan allon direba take bi, inda ba ka gani sai ka ji ƙauri. Agogon amfiya na asali shi ma yawanci 30 ne iyakarsa, kuma duk cajin ta cikinsa yake ratsawa. Abin da ya kamata shi ne a ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa inda babbar wayar batir take haɗuwa da kik, a sa mata fis, a maye gurbin tsohon agogon da na auna volt. Mai wayarin da ya ce maka tsohuwar wayar za ta ɗauka, tambaye shi ko zai biya motar in ta kama da wuta. Tsohon akwatin regileta kuma aikinsa ya ƙare, tunda altanetar zamani da nata a ciki take zuwa. Wasu sukan bar shi a wurinsa don ado, ba laifi, muddin an raba shi da layin caji yadda ya dace.

Ita jar fitilar da muka fara da ita ma tana da wani aikin da ba kowa ya sani ba. A yawancin altaneta, ta cikin wannan ɗan ƙwan fitila mai kusan wat 2 ne wutar farko take shiga ta tayar da maganaɗisu. In ƙwan ya mutu, ko wani mai son gayu ya musanya shi da LED wanda ba ya jan wutar kirki, altaneta takan ƙi fara caji sai an taka inji sosai, wani lokaci ma ta ƙi gaba ɗaya. An sha sauke altaneta lafiyayya a ce ta mutu, alhali ƙwan fitila ne.

Akwai kuma kwaɗayin girma. Mutum ya ga altaneta mai amfiya 120 da aka ciro daga babbar jif, ya ce ita yake so. Wuta ba kyauta ba ce, daga inji ake zaro ta. Amfiya 60 a volt 14 ya kama wat 840, ya haura ƙarfin doki guda, kafin ma a lissafa abin da ke salwanta ya zama zafi. Siririn fanbel guda na tsohuwar mota in aka ɗora masa fiye da haka sai ya riƙa zamewa yana kuka yana cinyewa. Altanetar Lucas da kamfanonin Ingila suka koma wa a farkon shekarun 1970 tsakanin amfiya 28 da 45 take, kuma ta wadatar. Mai amfiya 45 zuwa 60 ta ishi tsohuwar Land Rover har da ƙari. Abin da ya fi girman muhimmanci shi ne mazauni mai ƙarfi, da fuli uku su tsaya a layi ɗaya. Mazaunin da aka yi wa walda a gurguje ya karkace, fanbel da boris ɗin famfon ruwa ne za su biya.

Wata ɗabi'a kuma da nake roƙon masu wayarin su bari: cire kan batir inji yana aiki don a ga ko mota tana caji. Gado ne daga zamanin dainamo, shi yana iya jurewa. A altaneta, batir ne yake shanye hauhawar wuta, da ka cire shi wutar takan yi tsalle ta ƙona regileta ko dayod, ko rediyon mai mota. Mita ba ta da tsada. Ɗora ta a kan batir: inji a kashe ka ga wajen 12.6, inji yana aiki ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, magana ta ƙare. Haka in za a yi walda a jikin motar, a fara cire wayoyin batir da na altaneta.

Ba kowace mota ce take karɓar kowace altaneta ba. Volkswagen Beetle, wadda injinta iska ke sanyaya shi, fankar sanyayawar a kan sandar dainamo take, don haka sai irin altanetar da aka ƙera dominta, kuma tsofaffinta masu volt 6 sai an sauya musu fitilu da kwayil da sauransu. Wasu tsofaffin taraktoci kuma daga bayan dainamo wayar agogon juyin inji take fitowa, in ka sauke shi agogon ya mutu. A tambaya kafin a kwance.

Motar da aka ajiye don tarihi kuwa, wadda sai da salla ko biki ake fito da ita da rana, ban ga dalilin taɓa ta ba. A gyara mata dainamonta a bar ta yadda ta zo. Mai hali da yake son duka biyun, a ƙasashen waje ana ƙera altaneta a cikin kwanson da ya yi kama da dainamo, kana buɗe bonet ba za ka bambance ba, sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin dainamon da ya shekara sittin a kan sikelin 'yan gwangwan, ana sayensa da kilo saboda jan ƙarfen cikinsa. Motar da ake nema da ita yau, gobe ita ce ta tarihi, kuma wanda zai gaje ta ko ya saye ta zai nemi kayanta na asali. Don haka, ranar da za ka kai motarka a sauya mata, ka gaya wa mai wayarin tun kafin ya ɗauki sifana: kada ya yanke tsohuwar waya, ya naɗe bakinta ya ajiye, kada ya huda ko ya yanke wani abu a jikin inji, kuma dainamo da mazauninsa da akwatin regileta a buhu za ka tafi da su gida.